Muryar Yaya a Cikin Wayar Araha

Abu biyu ne dattawan unguwarmu suka haɗu a kan cewa ba za su taɓa yiwuwa ba, kuma dukansu ni suka shafa. Na farko, sun ce ni, tsohon akawun tashar jiragen ruwa ta Duwala, wanda ya ƙare aikinsa da alƙalami mai shan tawada da hatimin katako, ba zan iya sarrafa wayar zamani irin wadda ake shafawa da yatsa ba har in koma ga Mahaliccina. Na biyu, sun ce yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ba za ta taɓa yarda ta yi magana a cikin na'ura ba, ko da za a ba ta birnin nan haɗe da gadarsa.

Masu wannan hukunci ba mutanen banza ba ne. Abokan zamana ne a kan dogon bencin da ke ƙofar shagon wani aminina a unguwarmu ta New Bell, inda muke haɗuwa daga hantsi zuwa kiran azahar. Shi mai shagon Bazazzage ne, mai sayar da shadda, ya zo daga Najeriya da ƙuruciyarsa ya tsufa a cikinmu. Ni kuwa tun tasowata Bakano na san kaina, saboda haka wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi ya samu wurin zama a tsakaninmu. Ba na shiga shagonsa sai na ce, “Bawana, shimfiɗa wa ubangidanka buzu.” Shi kuma ya ce, “Akawu, Bakanon da bai taɓa ganin Dala ba, zauna a ƙasa, nan ne matsayinka.” Haka muka yi shekaru masu yawa, babu wanda ya gaji.

Amma a ƙarƙashin wannan raha akwai abin da yake damuna. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami ƙwarai. Ni ne auta, Yaya kuwa ita ce ta fari, kuma an kai ta gidan miji a Ngaundare tun kafin in gama lekol, wato makarantar boko ta Faransanci. A lekol ɗin nan an sa mun haddace kogunan ƙasar Faransa da duwatsunta, har yau ina iya jero su ba tuntuɓe. Sai dai ranar da wata jikata ta tambaye ni da Faransanci, “Grand-père, mu daga ina muka zo?” ban iya ce mata komai ba illa “Kano”. Ta wace hanya? Wane ne ya fara zuwa? Me ya kawo shi bakin teku? Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san amsa, ita ce Yaya.

Na sha roƙonta. Idan na je Ngaundare takan fara ba ni labarin, amma da zarar na zaro alƙalami sai ta tsuke baki ta ce maganar magabata ta kunne ce, ba ta takarda ba. Ni kuma kaina, da ya saba da rubutu, ba ya riƙe abin da bai gani a layi ba. Kafin in dawo Duwala rabin sunayen garuruwan sun zube a hanya. Akwai lokacin da surukinta ya kawo rikoda mai kaset, ta ja mayafi ta rufe bakinta har aka fita da ita. Hujjarta ita ce bai kamata mutum ya kwanta dama muryarsa tana yawo a doron ƙasa ba. Wannan shi ne abin da dattawan benci suka sani, shi ya sa suka yanke hukuncinsu da gaba gaɗi.

Wayar kuwa na saye ta ne a Kasuwar Dakar ta nan Duwala, a shagon wata mata mai fara'a da ta kira ni “le père”, wato baba, tun daga bakin ƙofa. Ta jera mini manya-manya masu sheƙi, waɗanda kuɗin ɗaya zai sayi ragon layya har da igiyarsa. Na dube su da mutunci na wuce, na nuna wata baƙa a can ƙarshen kanta, wadda fanshona zai iya ɗauka ba tare da ya yi nishi ba. Matar ta gaya mini gaskiya. Ta ce batirinta jarumi ne, muryarta kamar ta mai shela, amma cikinta ƙarami ne, gara in haɗa da wani ɗan kati da ake sa mata don ƙara wurin ajiya. Na ɗauka dabarar ’yan kasuwa ce ta ƙara ciniki, na gode mata, na ƙi.

Da na kai ta benci, Bazazzage ya juya ta gaba da baya ya ce, “Araha ba ta ado, Akawu. Wannan ai ko kaza aka ba wa sai ta nemi canji.” Na ce masa wanda ya rena gajere bai taka kunama ba.

Na koyi wayar nan kamar yadda aka koya mana komai a zamaninmu: daga shafin farko. Na zauna da ɗan littafin bayanin da ya zo cikin kwalinta, na karance shi tsaf, har na samu kurakuran nahawun Faransanci a ciki na ja musu layi da jan biro. Sai dai akwai abin da littafi ba ya koyarwa. Uwargidata, wadda ta daɗe da irin wannan waya saboda sana'arta ta turaren wuta, ita ta lura da yadda nake danna gilashin da dukan ƙarfina.

“Malam,” in ji ta, “shafawa ake yi, ba buga hatimi ba. Wannan ba takardar kwastan ba ce.”

“Hajiya, hannun da ya yi aikin gwamnati ba ya shafa, tabbatarwa yake yi.”

“To tabbatar a hankali, kada ka huda ta.”

Kafin watan ya ƙare ina kira, ina amsawa, ina aika saƙon murya. Na farkon abubuwa biyun nan da aka ce ba za su yiwu ba ya faɗi ke nan, ba tare da an buga ganga ba.

Wajibi ne in yi wa wayar nan adalci, domin na zauna da ita zaman maigida da bara, na san halinta ciki da waje. Batirinta dai matar shago ba ta yi ƙarya ba. A New Bell wuta takan tafi ba sallama ta dawo ba gaisuwa, kuma a irin waɗannan ranaku masu manyan wayoyi sukan bi unguwa da igiyar caji a hannu suna neman mai janareto, ni kuwa tawa tana aljihu da ranta. Har Bazazzage ya taɓa aron ta ya kira mai kawo masa kaya daga unguwar Ndogbong, na sa shi ya ce “ranka ya daɗe” kafin in miƙa masa. Tana ɗaukar layi biyu, in rezo, wato sabis, ya gudu a ɗaya sai in koma ɗayan. Ta faɗo daga aljihuna a bakin masallaci, ta faɗo daga kan benci, ko tsagewa ba ta yi ba. Lasifikarta kuwa, idan aka kira ni ina alwala a tsakar gida, maƙwabta sukan leƙo su ce, “Alhaji, ana nemanka.”

Aibinta ma ba ɓoyayye ba ne. Tana da nawa irin ta ma'aikacin da aka hana ƙarin girma: ka ba ta umarni, ta tsaya tana tunani, sai ka fid da rai sannan ta aikata. Idan damina ta kankama, iskar Duwala ta jiƙe, yatsa ya yi danshi, sai ta yi kamar ba ta san ka ba, ko ka taɓa gabas ta buɗe yamma. In an daɗe ana magana takan yi zafi kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. Hotonta kuwa abin tausayi ne. Na ɗauki dattawan benci a inuwar shago, da muka duba sai muka ga huluna da fararen riguna, fuskoki kuwa kamar an shafe su da toka. Bazazzage ya ce wannan ba hoto ba ne, shaidar zur ce.

Amma babban abin da ya kusa jawo mini asara ba laifin wayar ba ne ita kaɗai, akwai hannun tarbiyyata a ciki. Kafin lekol na yi makarantar allo, kuma a can aka dasa mana cewa duk abin da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da shi. Har gobe in na ga ’yar takarda da rubutun Larabci a kan hanya sai na sunkuya na ɗauka, duk da gwiwoyina. To, ga shi kowace Juma'a ’yan'uwa da abokan arziki suna aiko mini da hotunan furanni da addu'o'i a rubuce, ga karatun malamai, ga saƙonnin murya da kowanne ya fara da sallama ya ƙare da fatan gamawa lafiya. Ni kaina ba na aika saƙo sai na yi basmala, na gai da mutum da iyalinsa da gajiyarsa da ruwan sama, sannan in shiga magana. Yaya za a yi in sa yatsa in jefa irin wannan a cikin abin da wayar da kanta ta zana masa hoton kwandon shara? Ban goge ko ɗaya ba.

Uwargida ta yi magana har ta gaji. Wayar ma ta fara aiko mini da gargaɗi da Faransanci cewa wurin ajiya ya kusa cika. Na ɗauki gargaɗin kamar ƙorafin ƙaramin ma'aikaci, na kawar da shi gefe.

Ana nan sai Yaya ta zo Duwala gab da Babbar Sallah, domin a duba mata idanu. Ta sauka a Bonaberi, hayin kogin Wuri, a gidan ’yarta wadda take aikin jinya. Tun a gaisuwar farko ta shaida mini cewa wannan ce tafiyarta ta ƙarshe zuwa bakin teku, domin ƙashinta ya daina son mota da jirgin ƙasa. Ta faɗi haka tana dariya, amma ni na ji maganar har cikin ƙirjina.

Ranar Sallah na kwashi iyali muka haye gada muka je yi mata barka. Kunnen Yaya ya yi nauyi, duk wayar da aka kara mata sai ta ce ƙudaje take ji. Ana cikin hira sai saƙon babban ɗanta ya shigo mini daga Garwa, na kunna. Muryar ta cika falon har ta fita tsakar gida. Yaya ta ɗago kai.

“Wannan ai ɗana ne! Auta, wace irin waya ce wannan mai magana kamar mutum?”

“Ta araha ce, Yaya.”

“Shi ya sa. Talaka ba ya magana ƙasa-ƙasa.”

Na samu ƙarfin hali na ɗauke ta hoto, na nuna mata ina jiran faɗa. Ta kawo gilashin dab da idonta, ta ga farin mayafi da wani duhu a tsakiyarsa, sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ta ce wannan waya tana da kunya, ba ta ƙura wa babba ido, ba kamar ta ’yarta ba wadda take ƙirga wa mutum kurajen fuska.

A nan ne jikar nan tawa ta durƙusa gaishe ta. Yaya ta ce mata, “Ina gajiya, ’yar nan? Ina su babanki?” Yarinyar ta yi murmushi ta ce da Faransanci, “Ça va, mamie,” ta dube ni tana neman agaji. Sai da muka tashi tafiya Yaya ta riƙe hannun rigata ta ce, “Ranar Juma'a zan koma. Ka zo ranar Alhamis da mai kunyar nan taka. Gara muryata ta yi yawo bayan raina da yaran nan su yi yawo ba su san gidansu ba. Amma ka ji da kyau, sau ɗaya zan faɗa.”

Ranar Alhamis aka tashi da ruwa irin na Duwala, wanda ba ya sauri kuma ba ya niyyar tsayawa. Na sa babbar rigata ta shadda, domin ba a zuwa ɗaukar maganar magabata da kayan zaman gida. Na naɗe wayar a leda na sa a aljihun ciki. Masu baburan haya, waɗanda muke kira benskin, suka yi ta yi mini ƙaho, na ƙi. Mutum mai shekaruna da rigata ba ya hawa bayan babur a cikin ruwa. Na shiga tasi, muka tarar da cunkoso a bakin gada, muka yi ta jan ciki kamar kunkuru. Ban isa ba sai bayan azahar.

Na samu Yaya a kan tabarma ta jingina da matashi, ta ci abinci, carbi a hannu. ’Yarta ta raɗa mini cewa in hanzarta, domin in la'asar ta gabato barci yakan ɗauke ta, in ta farka kuma sai haɗa kaya. Na zauna, na goge yatsana da gefen riga saboda danshi, na buɗe wurin ɗaukar murya kamar yadda na yi ta gwadawa a gida, na danna jan maɓallin.

Wayar ta yi tunaninta na al'ada. Sannan ta rubuto mini cewa babu sauran wuri, ba za ta iya ɗaukar komai ba sai an goge wani abu.

Na sake dannawa. Ta maimaita maganarta ba tare da ta canza ko harafi ba.

“Kawu, ga tawa,” in ji ’yar Yaya, ta miƙo babbar wayarta.

“Mayar da mai idon nan,” in ji Yaya. “Da waccan na yi alkawari. Auta, me ya faru? Ka yi shiru kamar an aiko ka da saƙon mutuwa.”

Na yi mata bayani a tsanake, cewa cikin wayar ya cika da saƙonni, kuma ba za ta karɓi sabo ba sai an zubar da tsoho.

“To ka zubar mana.”

“Yaya, addu'o'i ne. Akwai sunan Allah a cikin kowanne. Ke kin san yadda aka rene mu.”

Ta ajiye carbin a cinyarta ta juyo da fuskarta gare ni. Na san wannan kallo tun ina yawo ba wando.

“Kai Auta, wa ya riƙa kai ka makarantar allo?”

“Ke ce, Yaya.”

“In ka haddace abin da malam ya rubuta maka, me kake yi wa allon?”

“Wankewa.”

“Da ka wanke, ayar ta mutu?”

“A'a, tana kai.”

“Da ka ƙi wankewa fa, a ina za a rubuta maka ta gaba? A goshinka? Waɗannan addu'o'in da aka aiko maka, ka ce amin?”

“Na ce, kowacce.”

“To sun isa inda za su tun tuni. Kai ne ka tsare allo kana gadi.”

Ban ba da kai nan take ba, domin mutum ba ya sauka daga ra'ayin shekaru kamar mai sauka daga tasi. Na ce mata ai ruwan wankin allo ba a zubar da shi ko'ina, wuri mai tsarki ake nema masa, ko a sha.

“In ka ga ruwa ya zubo daga wayar,” in ji ta, “ga kofi can, tara ka shanye. Boko dai bai rage maka wauta ba, ya sa mata riga ne kawai.”

’Yarta ta fita da gudu tana toshe baki. Ni kuwa na yi basmala, na fara wankin allo. Littafin bayanin nan da aka yi ta yi mini dariya a kansa ya yi ranarsa, domin na tuna shafin da ya nuna yadda ake zaɓar abubuwa da yawa a lokaci guda. Furannin Juma'a suka tafi, bidiyon bukukuwa suka bi su, dogayen gaisuwata ma na sallame su. Kowane zubi sai wayar ta tambaye ni cikin ladabi ko da gaske nake, in ce da gaske nake, ita kuma ta tsaya nazari. Ina yi ina satar kallon Yaya, na ga idanunta sun fara lumshewa, carbin yana zamewa daga yatsunta. Na ce a raina, ya ke wannan baƙar waya, yau kaɗai na roƙe ki, ki bar nawar nan.

Na danna jan maɓallin. Ƙididdigar lokaci ta fara tafiya.

“Yaya, bisimilla.”

Ta buɗe ido, ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta yi salati. Daga nan muryarta ta canza, ta koma irin ta mahaifiyarmu idan tana magana da manya. Ta fara da kakanmu, baduku mai ɗinkin sirdi da jakunkuna, wanda fari ya kora daga ƙauyensu a ƙasar Zazzau, ya tafi Kano ya zauna ’yan shekaru a gidan wani madugu.

“Yaya,” na katse ta, “Zazzau kika ce?”

“Zazzau na ce. Kunnena ne ya mutu, ba naka ba. Kano zango ya yi, da ya iso kudu aka riƙa ce masa na Kano saboda ayarin da ya biyo. Kada ka ƙara katse ni.”

Ban ƙara ba. Ta bi da ni hanyar ayarin zango-zango: Yola, Banyo, har ƙasar Fumban inda ake sarin goro, inda kakan ya yi aure aka haifi mahaifinmu. Ta faɗi yadda mahaifinmu, yana saurayi, ya bi huhun goro zuwa Nkongsamba, ya hau jirgin ƙasa karo na farko yana riƙe da kujera da hannu biyu, ya sauka a nan Bonaberi ɗin da muke zaune. A lokacin babu gada, a kwalekwale ya haye Wuri, idonsa a rufe yana karanta duk abin da ya sani. Ta faɗi gidan mai masaukin da ya karɓe shi a New Bell, da yadda ya ga mahaifiyarmu tana tallan fura a ƙofar gidan, ya yi ta sayen furar da ba ya sha har aka gane nufinsa. Ta ambaci sunayen waɗanda suka rasu a hanya da inda aka binne kowannensu.

Ana tsakiyar haka wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Wayar ko gezau. Sai dai ta yi zafi har ta fara ƙona mini tafin hannu, na jawo faifan da aka rufe kwanon abinci da shi na ɗora ta a kai, na riƙe faifan dab da bakin Yaya kamar mai miƙa goron ɗaurin aure. Hannuna ya yi tsami, ban sauke ba. Da aka kira la'asar ta yi addu'a ga matattu da rayayyu, ta ce, “Shi ke nan. Rufe bakin abar.”

Na mayar mata da farkon ta ji. Ta saurara da kai a karkace, sannan ta ce, “Wannan tsohuwa ta iya magana.”

Washegari, bayan mun raka ta tasha, na wuce benci da wayata a aljihu da nasarata a fuska. Na bari kowa ya zauna, na ce musu yau za su ji abin da suka rantse ba zai yiwu ba. Niyyata ita ce in kunna musu salatin farko, su shaida muryar, sannan in tsallake zuwa labarin kwalekwale. Amma iska tana da danshi, yatsana ma haka. Na shafa, wayar ta yi kamar ba ta san ni ba. Na sake shafawa, ta tsaya tunani. Muryar Yaya kuwa tana tafiya abinta, da ƙarfin da har mai gasa masara a tsallaken titi yana ji: ƙauyensu a ƙasar Zazzau. Sai ga tawa muryar, a raunane, tana cewa, “Yaya, Zazzau kika ce?”

Bazazzage ya ajiye almakashinsa a hankali. Ya fito daga bayan kanta, ya tsaya a gabana, ya dafa ƙirji.

“Akawu, maimaita mana wurin nan.”

“Wayar ba ta jin magana yau.”

“Ai kuwa yau ta fi kowa jin magana. Jama'a, ku shaida! Shekara da shekaru mutumin nan yana kirana bawa, ashe ɗan ɗakinmu ne da ya ɓata a hanya! Allah ya yi wa wayar araha albarka. Na janye abin da na faɗa, araha tana ado, har da rawani!”

Benci ya kaure da dariya. Wani dattijo Bakano na gaske, wanda muka daɗe muna haɗa kai muna yi wa mai shago taron dangi, ya janye buzunsa daga kusa da nawa ya ce daga yau in riƙa gaishe shi a durƙushe. Na bari suka gama. Sannan na gyara hulata na ce musu ni ban yi asarar komai ba: Kano ta yi baƙo na shekaru, Zazzau kuwa ta samu akawu, abin da ta daɗe tana nema. Aminina ya shiga ciki ya fito da sabon buzu, ya shimfiɗa mini da hannunsa. Wannan ne karo na farko da ya yi haka, kuma na lura bai ce in zauna a ƙasa ba.

A makon nan na koma Kasuwar Dakar na sayi ɗan katin da na ƙi saya da fari. Mai shagon ta yi mini sannu irin ta mutanen nan ta ce, “Ashia, le père, ai na gaya maka.” Na amsa mata cewa shawara mai kyau ba ta tsufa. Na aika wa ’ya'yana da ’ya'yan Yaya muryar, kowa ya adana, domin kada a bar dukiya irin wannan a aljihu ɗaya. Jikar nan tawa takan zo ta zauna kusa da ni ta ce in kunna mata wurin fura, tana tsayar da ni tana tambayar ma'anar kalmomi. Kwanan baya na ji ta tana gaya wa ƙawarta, rabi da Faransanci rabi da Hausa, cewa kakan kakanta baduku ne.

Yaya tana Ngaundare da ranta da lafiyarta. Matar da ta rufe baki da mayafi saboda rikoda, yanzu ita ce take sa a ɗauki muryarta a aiko mini, wai ta tuna wani zango da ta tsallake, ko ta gyara sunan wata goggo. Saƙonninta ba na goge su, suna kan kati. Sauran kuwa, kowace Alhamis bayan hantsi nakan ce amin ga abin da ya taru, in yi basmala, in wanke allona.

Na yi aiki a inda ba a karɓar kaya sai an buga musu kwanan wata, kuma wannan ɗabi'a ba ta bar ni ba. Saboda haka ina so ’ya'yana da jikokina su rubuta wannan a inda ba zai ɓata ba: an ɗauki muryar Yaya a Bonaberi, da hannuna, da wayata ta araha, tsakanin azahar da la'asar, ana ruwa, ranar Alhamis ta farko bayan Babbar Sallah, cikin watan Zulhajji na shekarar da ta zo Duwala gyaran ido.